Gurbin da na bayar da bakina

Ni da aminina mun shekara da shekaru muna cin abinci da talla, a wani ɗan shago a Gwammaja. Ni ne murya, shi ne mai haɗa sauti a kwamfuta. Duk mai maganin basir ko mai turaren da ka ji lasifikarsa tana kururuwa a Ƙofar Ruwa a lokacin, to maƙogwarona ka ji. Ba yabon kai ba, har tsayawa ake yi a saurare ni.

Sai ƙirƙirarriyar basirar nan ta shigo waya. Mai magani ya rubuta abin da yake so, wayar ta rangaɗa masa da muryar mace ko ta namiji, har da kiɗa, ba ta tari, ba ta neman shayi. Ciniki ya yi ta ja da baya har muka koma zaman hira da korar ƙuda.

Ana nan sai mai unguwa ya kira mu zaurensa. Ya ce gwamnati za ta koya wa waɗanda sana'arsu ta mutu haɗa wutar sola, a kuma ba su kayan aiki, amma gurbi ɗaya ya samo wa layinmu. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne babba, kai na rubuta."

Dattawa na zaune. Ni kuwa ɗan cikin badala, an hore ni ba a wawurar abu a gaban mutane. Ka ƙi, a matsa, ka sake ƙi, a rantse, sannan ka karɓa da mutuncinka. Na sunkuyar da kai na ce, "Haba Baba, a ba ɗan'uwana, ya fi ni iyali."

Na jira a matsa. Sai na ji aminina ya ce, "Na gode, Allah ya bar zumunci." Shi ke nan. Mai unguwa ya sa albarka, aka shafa fatiha.

Yanzu aminin nawa yana da babur sabo da tsani, kullum yana kan rufin wani Alhaji. Ya yi ƙiba, wuyansa har ya yi ninki. In na ji ƙarar babur ɗin ya shigo layi sai in ja tsaki. Ina kishinsa, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Ba na so ya faɗo daga tsanin, Allah ya kiyaye, amma da za a ce tayarsa ta yi faci a tsakiyar rana, ba zan yi kuka ba.

Abin da ya fi ci min rai, ba ni da bakin ƙorafi. Unguwa ta mayar da ni waliyyi. Liman ya yi misali da ni a wa'azi. Matata kaɗai ta ƙi shiga sahu, ta ce, "Malam, yabon nan da miyar kuka za mu ci shi ko da ta kuɓewa?"

Bara aka yi wa aminin nawa haihuwa, namiji, ya sa wa yaron sunana. Ranar suna da hantsi aka fito da jaririn zaure, aka ɗora min a cinya, wai in tofa wa takwarana albarka. Uban yana gefe cikin shadda mai maiƙo, yana share hawaye, yana gaya wa mutane ba shi da kamata a duniya. Kuma na san har zuciyarsa yake faɗa, shi ya sa abin ya fi zafi.

Na duƙa daidai kunnen yaron, na sassauta muryar nan da ba mai saye yanzu, na ce, "Takwara, Allah ya raya ka. In an miƙo maka, ka karɓa tun a karon farko."