Ranar da Yaya Saley Ya Taka Ƙanƙara

Duk Bahaushen da ya yi suna ko aure a Paris, daga Goutte d'Or har Bobigny, ya san yayana Saley mai hoto. Dogo ne siriri, kamara rataye a wuya kamar laya. Shi ne zai ce, "Hajiya, a ɗan ɗaga haɓa," ya gyara wa Alhaji hula ba tare da neman izini ba. Ni Maimouna, ƙanwarsa, ina aikin jinya a Lyon, kuma duk shirmen da ya faɗo masa a ka ni ce mai shan wahalarsa.

Na bana saboda Baba ne. Mahaifinmu masunci ne a tabkin Madarunfa. Tun zuwan Saley Faransa ya gaya masa a waya cewa a nan ruwa kan daskare har mutum ya yi tafiya a kansa. Baba ya ce, "Na tura ka neman abinci, ka je ka koyo ƙarya." Maganar ta zauna wa Saley a rai. Yanzu kuma idanun Baba sun soma yana, gani sai raguwa yake. Saley ya rantse sai tsohon ya gan shi tsaye bisa ruwa tun yana iya gani.

To amma mai hoton biki ba shi da Asabar ba shi da Lahadi. Sanyi ya zo, ya kusa wucewa, sai cikin watan Maris na gan shi a tashar jirgin ƙasa ta Lyon, ya sha farar shadda da hula da takalmin fata, sai ka ce ango.

Na ce, "Yaya, duwatsun Jura za mu hau fa. Ina manto, rigar sanyi?"

Ya ce, "Ke, ana aika hoto gida da tsumma?"

Na ja tsaki na tada mota.

Muka isa wani tabki can bisa duwatsun. Gaskiya wurin ya yi kyau, ni ma na ji daɗi. Tsakiyar tabkin fari fat, amma bakinsa ya soma saki. Ruwa na gudu ƙarƙashin ƙanƙara kana ganinsa, ciyawar bara ta leƙo, agwagi na yawo a ɗan wurin da ya buɗe. Ga wata ƙara ƙas-ƙas ta ko'ina. Saley ya rikice. Mutumin da bai taɓa ɗaukar hoton da babu mutum a ciki ba, ga shi rub da ciki a kan shaddarsa yana ɗaukar kumfa a cikin ƙanƙara. Yana ta kira na, "Maimouna zo ki gani, ruwan numfashi yake."

Da ya gaji sai ya miƙo mini kamarar. "Zan hau. Ki yi ta dannawa, kome ya faru kar ki tsaya."

Na ce, "Ba ka ga duk ta tsattsage ba?"

Ya yi mini kallon tausayi. "Ɗan masunci kike koya wa ruwa? A Madarunfa in laka ta tsattsage, ta bushe ke nan, ko jaki da kaya ya bi ta kai. Inda babu tsaga ake tsoro."

Na ce laka daban, ƙanƙara daban. Ina, ya riga ya zaɓi inda tsagar ta fi yawa. Ya taka, ya ƙara takawa, ya juyo yana gyara hannun riga, sai ji na yi ɓurum. Yayana har ƙugu cikin ruwa. Allah ya taimake mu wurin ba zurfi. Ina ta masifa, amma yatsana bai bar dannawa ba. Shi kuwa maimakon ya fito, sai ya rungumo wani ƙaton ɓallin ƙanƙara ya ɗaga sama da kansa, haƙora na kaɗawa, yana dariya yana cewa, "Danna!"

A mota, naɗe cikin bargona, ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ɗaya da ya nuna shi tsaye, duk sun girgiza. Na cikin ruwan kaɗai ya fito tar. Na ji tausayinsa ƙwarai, har na fasa sauran faɗan da na tanada. Daga baya ya wanke hoton nan babba, ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Maradi ya kai wa Baba.

Ranar da hoton ya isa, Baba ya kira muna tare. Ya ce, "Ai na faɗa, ruwa ba ya ɗaukar mutum." Ya yi dariya har da tari. Can ya ce, "Saley, shekara da shekaru kana aiko mini hotonka jingine da motocin mutane, ban taɓa gane ka ba. Wannan kuwa, ko da idon nan nawa, na gane shi. Mutum cikin ruwa har ƙugu, ya ɗaga kamunsa sama. Wannan ɗana ne. Wane irin kifi ne haka fari sol?"

Na dubi Saley. Ga amsar da ya yi shekaru yana son bayarwa, cewa ruwa ne daskararre, ta zo masa har baki. Ya share ido da hannun riga.

Ya ce, "Giwan ruwa ne, Baba."

Baba ya ce, "Madalla. Dama na san hannun bai manta ba."