Farin Bokitin Wankan 'Yata

Shekarun da aka ba mu jiha, ko'ina a Jalingo gini ake yi. Maigidana yana cikin masu shafe daɓen sababbin ofisoshi da wani gam mai ƙyalli, wanda sai an haɗa ruwa iri biyu yake kamawa. In gam ya ƙare, ma'aikata su raba bokitan. Mu matan unguwar Turaki har rububinsu muke yi, don sun fi na kasuwa ƙwari.

Nawa fari ne, har da murfi. Na wanke shi da toka da omo, na ware shi don wankan 'yata, lokacin tana wata biyar.

Cikin 'yan kwanaki jikinta ya yi jawur, ƙuraje suka feso daga wuya har cinya, idanu suka kumbura. Tana kuka tana goga baya a tabarma, nono ma ta kasa kamawa. Na sa hoda, na tofa duk addu'ar da na sani.

Surukata ta zo daga Lau da ƙunshin sabara.

"Zafi ne, 'yar nan. Ku 'yan boko komai sai asibiti! Tafasa ki yi mata wanka sau uku a rana."

"To, Inna."

Na riƙa tafasawa ina juyewa da zafinsa a farin bokitin, ya huce a ciki, in yi mata wanka. Fatar ta fara tsagewa tana tsattsafo da ruwa. A rana ta shida kukan ma ya daina fita, baki kawai take buɗewa. Na goya ta na fita, ban jira izinin maigidana ba, ina tafe ina ya Allah, ya Allah.

A asibiti wata nas mai gurguwar Hausa ta duba ta, sai ta kamo hannuna ta juya. Ashe ni ma ƙurajen sun ci ni, sun tsaya daidai inda ruwa ke kai mini.

"Madam, cikin me kina wanke shi?"

Na faɗa mata.

"Bokitin gam? Wayyo! Omo ba ya cire wannan. Kuma ruwan zafi kina zuba?"

Na zauna daɓas a ƙasa. Da hannuna na yi, kullum da bismillah.

"Sista, za ta tashi?"

"Kwance shi ki ba ni tukuna."

Sati biyu muka yi a gadon nan kafin fatar ta rufe. Ta rayu, alhamdulillahi. Amma na fi wata guda ban iya yi mata wanka ba. Maƙwabciyata ke yi, ni ina tsaye riƙe da tawul.