Kofin da Edelmira ta Kushe

Edelmira Sanhueza a ƙauyen Guarilihue ta tashi, a gidan mahaifinta Don Froilán mai gangar giya shida da 'yar gonar inabi a gefen tudu, wadda da doki ake nomanta. Tun tana 'yar shekara goma takan sunsuna ganga ta ce wa mahaifinta giyar ciki ta fara juyawa, kuma ba ta kuskure. Hancin nan ne ya kai ta makaranta a Chillán, daga can wani babban kamfanin giya ya ɗauke ta aikin ɗanɗano, inda tankunan ƙarfe suka fi gidan bene tsayi.

Da tsohon ya rasu, yayanta Nibaldo ya gaji gangunan. Duk zuwanta gida sai ya tsokane ta.

"Ga 'yan famfo sun iso! Yau kogi nawa kuka ɗura a kwalba?"

Dariya take yi, don a ranta tana bayansa. Ta sha faɗa cewa giyar kamfani tsabta gare ta amma ba ta da rai, ta ƙaramin gida kuwa ana jin hannun mai ita.

Tana da shekara hamsin da biyu aka gayyace ta alƙalancin gasar giya ta bikin girbi a garin Coelemu. An naɗe kwalaben da takarda, sai lamba. A kofi na huɗu ta ji ƙamshin ƙasar tudu, sak giyar mahaifinta. Ta ba shi makin da ya fi kowane. Na tara kuwa warin tsohon katako ya buge ta, ga tsami ya fara shiga. Ta rubuta: "Mai wannan ba ya kula da gangarsa."

Da aka kware takardun, na huɗu na wani katafaren kamfani ne mai sayen inabin ƙauyukan nan mota-mota. Na tara na Nibaldo ne. Ya shiga gasar bai gaya wa kowa ba.

Washegari ta same shi a rumfar ganguna, riƙe da takardar da ta yi sharhin a kai. Ya san rubutunta.

"Ke ce?"

"Ni ce, Yaya. Wallahi ban san taka ba ce."

"Da kin sani fa?"



"Da na yi maka ƙarya."

"Gangar Baba kika zaga a bainar jama'a, Mira."

"Gangar Baba ta ruɓe. Bari in taya ka mu sake su."

"Je ki taya masu tanki."

Magana ba ta da wuyar yawo a ƙaramin wuri. Kamfanin bai ma damu da lambar yabon da ya ci ba, yana da irinta cike da bango. Amma masu gidajen abinci biyu na garin Tomé da ke sayen giyar Nibaldo sun fara kawo uzuri. Shekarar da ta biyo baya bai matse ko ƙwaya ba. Ya tsaya a bakin gona, aka loda inabinsa a babbar motar kamfani.

Edelmira ba ta sake yin alƙalanci ba. Abin da ke cin ta, har yau ba ta ga inda ta yi kuskure a kofi na tara ba. Tana zuwa gidan yayanta cin abincin Lahadi kamar da. Nibaldo yakan miƙo mata burodi, ya tambayi lafiyar jikokinta, su yi hirar ruwan sama.