Mato da Rijiyar Nukiliya

Malam Mato na Fammar sana'arsa yasar rijiya ce, tun yana saurayi. Da aka haƙa burtsatse mai aiki da hasken rana a unguwarsu, sai aka daina nemansa, har maƙwabta suka yanke shawarar cike tsohuwar rijiyar bayan masallaci da shara.

Wata ranar kasuwar Kibiya ruwan sama ya kora shi cikin gidan kallo. Ana nuna fim ɗin wani ƙaramin gari da yaƙin nukiliya ya rutsa da shi. Bai ji yarensu ba, amma ya ga wata uwa tana murɗa famfo, ko ɗigo babu, 'ya'yanta sun zuba mata ido.

Da ya koma gida, ya ba maƙwabta labarin fim ɗin, ya ce ba mai zuba shara a rijiyar nan yana raye. Shi kaɗai ya shiga ya yashe ta, ya yi mata murfi.

Hussaini mai shayi ya riƙa tsokanarsa: "Baba Mato, yaushe bom ɗin zai iso Fammar?"

"In ya iso, ka zo da guganka."

Bom bai zo ba. Amma ana tsakiyar bazara injin burtsatse ya ƙone, unguwa ta wayi gari ba ruwan alwala. Kowa ya nufi bayan masallaci, har da Hussaini da jarkokinsa.

Mato yana riƙe da igiya ya ce, "Bi layi, ɗana, akwai ruwa."

Har yau Rijiyar Nukiliya ake ce mata.