Ƙarfen da Aka Hana Wasa

Aikina allurar dabbobi ne, shanu kuwa ba sa zuwa ofis. Ni ke bin su ruga-ruga, daga Araba zuwa Garu, in kwana inda rana ta faɗi mini. Da na gaji da kwana a tabarmar mutane, sai na sayi tsohuwar bas a nan Illela, na cire kujerun, na sa kafinta ya kafa gado, na ɗaura tankin ruwa da risho da gidan sauro. 'Yan tasha suka yi ta tsiya, wai na yi wa ɗaki taya. Mahaifinmu ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dogara sandarsa ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallon gadon, sannan ya tambaye ni ko mutum zai iya kwanciya a kai har Tozai.

Na gane inda ya dosa. Ƙanwarsa, Goggonmu, tana wani ƙauye bayan Tozai, idonta ya tafi, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya hawa babur. Shi kuma tun da ya faɗi ƙugunsa ya goce, zaman mota ya gagare shi. Su biyu suka rage a ɗakinsu, an daɗe rabon da su haɗu, waya kuma kunnen Baba ba ya kama ta. Na ce masa zai yiwu, amma ya ba ni lokaci in gyara ƙasan motar.

Abin da ya dame ni shi ne maratayin sifirin na baya. Wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin mota ba, ga yadda yake: sifirin jerin faffaɗan ƙarafa ne da aka ɗora kan juna, gabansa a kafe yake jikin mota, wutsiyarsa kuma tana rataye da wasu gajerun ƙarafa biyu, kusa a sama, kusa a ƙasa, da roba a tsakani. Idan taya ta faɗa rami, sifirin yana miƙewa, maratayin sai ya yi lilo baya ya ba shi wuri. Wannan lilon shi ke shanye jijjiga kafin ta kai ga bayan mutum. Nawa sun tsufa, hudojin sun cinye, robar ta zama gari.

Na sha yawo a kan ƙarfen nan. A nan gari duk wanda na tambaya sai ya jawo mini dogaye masu kauri irin na motocin albasa, don mu a Illela mota ba ta cika mota ba sai ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Na ce ba buhu zan ɗauka ba, tsoho ne. Daga ƙarshe na tsallaka iyaka zuwa Ƙonni da tsohon maratayin a hannuna. Can jimel suke ce masa. Wani dattijo mai shagon kayan mota ya fito mini da su kala-kala, muka gwada faɗi da na sifirin, muka gwada kaurin kusa. Na zaɓi wanda ya ɗara tsohon tsawo da ɗan kaɗan, don cikin motar ya daina sharar yashi, mai hudar zuba giris, da roba mai taushi. Na dawo gida ina jin daɗi kamar wanda ya sayo rigar salla.

Na kai wa bakanikenmu na bayan kasuwa, na yi masa bayani har sai da ya ce ya ji. Kada ya ɗaure noti mota tana kan jak. Ya sauke ta kan tayoyinta, tanki cike da ruwa, sannan ya ɗaure daidai, ya bar maratayin yana motsi. Ina cikin haka aka kira ni, ciwo ya shiga garke a Araba. Na tafi, bayan na aika wa Goggo cewa ranar Alhamis muna nan tafe.

Sai ga Yayana. Babban wanmu ne, falken albasa, motocinsa na shiga Nijar suna fita, kuma bai yarda akwai abin da ƙane zai sani shi bai sani ba. Wucewa ya zo yi ya ga motata a ɗage. Ya durƙusa, ya kama sabon maratayin ya girgiza, ya ji yana motsi. Shi ke nan! Wai ƙarfen wasa yake. A bakin direbobinmu, duk abin da ke wasa a mota ciwo ne, sitiyari ne ko taya. Ya tsaya kan bakanike, ya sa aka cire nawa, aka yanko dogaye daga wani ƙarfe mai kauri, aka zura guntun bututun ƙarfe a gurbin roba, aka ɗaure noti da sufana har mutum yana hawa kanta da ƙafa. Bai tsaya nan ba, ya kira mai walda ya ɗiga wuta a kan kowane noti, wai don kada ya kwance a daji.

Da hantsin Alhamis na iso gareji, na tarar da motata ta ɗaga ƙugu sama kamar akuya a kan turmi. Na leƙa ƙasa, wallahi sai da idona ya rufe. Bakanike ya sunkuyar da kai, ya ce shi yaya zai yi, Alhaji yayana ne ya ce, kuma Alhaji ne babba. Nawa na Ƙonni ga su can a ƙasan benci, kaza tana tsallake su.

Na tuƙa gida ina huci. A ƙofar gida na sami Baba ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa, ya naɗa rawani, an ɗaure masa goro da turmin atamfa na Goggo. Yaya na tsaye gefensa. Na ja shi gefe na tambaye shi wa ya aike shi.

"Gyara munka yi maka," in ji shi. "Ƙarfe na wasa, kai ko ka saka tsoho ciki? Godiya ya kamata ka yi."

Na ce wasan nan shi na je nema har Ƙonni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce tun ina goye yake harkar mota. Na koma wurin Baba na roƙe shi a ɗaga tafiyar, a fasa waldar a mayar da nawa. Yaya ya ɗaga murya yadda kunnen Baba zai kama, ya ce mota ta fi da ƙarfi, ƙyuya ce kawai irin ta 'yan boko. Baba ya ce an riga an gaya wa 'yar uwarsa, tana jira, mu tafi. To, wa zai ja da uba a ƙofar gidansa? Muka kwantar da shi, na jera masa matasai. Shi mai gyaran kuwa bai bi mu ba, wai yana da lodi.

Kan kwalta da sauƙi. Muna sauka hanyar ƙasa abin ya fara. Na rage gudu har masu jakuna suna wuce mu, amma kowane ɗan kwari sai gadon ya buga sama ya dawo, risho yana ƙara, ruwa yana dukan tanki. Ina kallon Baba ta madubi, ya damƙe ƙarfen gado, ya cije leɓe, rawanin ya warware. Mutum ne da ban taɓa jin ya yi raki ba. Na tsaya na rage iskar taya, na ninka masa bargo, duk a banza. Da muka faɗa wani zaizayayyen wuri sai na ji sautin da ya fita daga bakinsa, wanda har yau ba na son tunawa.

"Juya," ya ce. "Mai da ni gida."

Komawar ma azaba ce. Ya yi kwanaki ba ya iya juyawa a shimfiɗa. Yaya ya zo dubiya, ya zauna, ya ce ai dama hanyar Tozai ba ta tsofaffi ba ce. Ko a fuskarsa! Na tashi na bar ɗakin don kada in faɗi abin da za a daɗe ana maimaitawa a dangi.

Na koma gareji na tsaya da ƙafata aka yanke waldar, aka mayar da na Ƙonni, aka ɗaure yadda na ce tun farko. Na bi hanyar nan ni kaɗai, na ajiye kwanon ruwa a kan gado, bai zube ba. Na zo da murna na gaya wa Baba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa mini albarka, ya ce jikinsa ya riga ya tsorata, ba zai sake shiga ba. Na lallashe shi, na turo aminansa, ya ƙi. Ya miƙo mini goron da atamfar ya ce in kai mata.

Na isa ƙauyen da la'asar. Goggo ta ji ƙarar mota, ta sa jikarta ta riƙo hannunta har bakin zaure. Ban gama gaishe ta ba ta saki hannuna, ta lallaba jikin motar har ta sami ƙofa. Ta miƙa hannu ciki tana shafa katifar, daga wajen kai har ƙafa, ta sake dawowa.

"Ina shi?" ta ce.

Na ce yana gaishe ta. Hannunta bai bar kan matashin ba. Can ta juya wajen jikarta ta ce a ɗauke tabarmar da aka shimfiɗa a inuwa, a ba yara furar.