Ranar Da Malam Ya Juya Kujera

Wata Laraba ce, cikin watan da shinkafa ke fitar da kai, shekara biyu bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Ina tsugune bakin rijiyar gidanmu a Birnin Kebbi ina kankare tukunyar tuwo, hannuwana baƙi ƙirin, sai ga Baffa Sani ya jingine babur a zaure ya shigo da wani abu ƙunshe cikin tsohuwar jarida. Baffa Sani ƙanen mahaifina ne, ma'aikacin gwamnati da aka maido gida lokacin rabon ma'aikata, kuma shi ya kawo talabijin da bidiyo na farko a unguwarmu. Ranar daga Argungu yake. Wani Alhaji da ya daɗe zaune a Jidda ya dawo gida yana rage kaya, cikin kayan har da kwali guda na kaset ɗin katun, goma sha biyu, labari ɗaya a jere. Ya ba Baffa na farko aro, da sharaɗin ran Lahadi ko a mayar ko a saye duka.

Da la'asar muka cika ɗakin Baffa, yara kusan goma, muka zauna a kan leda. Ba irin katun ɗin ɓera da kyanwa da muka sani ba ne. Zanen mutanen Japan ne, mutane masu manyan idanu da gashi tsaye, launinsa ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki, ga wani layi fari da ke sauka daga sama zuwa ƙasa lokaci lokaci. Labarin wata yarinya ce mai jan ɗankwali wadda kogin garinsu ya ƙafe, gonaki suka bushe, ta ɗaura niyyar bin gulbin har tushensa ta gano abin da ya tare ruwan. Ba ta da abokin tafiya sai wani tsohon matuƙin kwalekwale da wani zalɓe mai ƙafa ɗaya. Mu da muka tashi muna ganin gulbin Rima yana cika yana ja baya, ba sai an yi mana bayanin abin da ƙafewar gulbi ke nufi ba. Amma abin da ya sa ƙanena Nasiru ya yi tsaki shi ne maganar. Mutanen cikin akwatin Larabci suke yi, Larabci zalla irin na littafi.

Ni kuwa a lokacin babu abin da nake tsoro a duniya kamar Larabci. Gidanmu gidan malamai ne. Kakanmu, wanda kowa ke kira Malam, zaurensa ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatu tun daga asuba har hantsi. A gida irin wannan ne aka haifi Balki, wato ni, wadda ta shekara biyu aji ɗaya a Islamiyya har ƙanenta ya cim mata. Hadda ba ta ba ni wuya, in na ji abu sau uku ya zauna. Amma da an zo nahawu, a ce wannan na namiji ne wancan na mace, sai kaina ya yi dum. Yaran aji suka sa mini suna Ƙwaƙwalwar Kifi. A wasan gala-gala da carafke ba mai kama ƙafata, a gaɗa ni ke ba da waƙa, amma da an kaɗa ƙararrawar Islamiyya sai in koma awa kazar da ruwa ya daka. An riga an gaya wa Inna cewa in na sake faɗuwa a ƙarshen zango, Nasiru zai wuce ya bar ni.

Duk da haka, da kaset ɗin ya ƙare na kasa tashi. Yarinyar ta tsaya bakin wani kwazazzabo, kwalekwalensu ya fashe, hoton ya yanke. Na ji ba zan iya barci lafiya ba sai na san ko ta ƙetare.

Maganar saye ta tashi a tsakar gida bayan an ci tuwo. Mahaifina ya ce ɓarna ce, tsohon abu ne da 'ya'yan Alhajin suka gama kallo tun suna ƙanana, yanzu ga su da gemu. Baffa kansa ya ce ya fi son ya sayi fanka, ga zafi, ga shi ba a san lafiyar sauran kaset ɗin ba. Inna ta ce ita dai ba ta ga abin kallo a zane ba. Ni ce kawai ke roƙo, kuma roƙon 'yar shekara goma ba ya sayen ko allura. Sai na yi abin da jika kaɗai ke iya yi, na tafi zaure na zauna gefen buzun Malam. Tsakanina da shi akwai wasa, amaryarsa yake kirana, ni kuma in ce ba ni auren mai furfura. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ni ba ni kallon zane. Amma kin ce Larabci su kai? To ran Asabar a kunna min in ji. In kin hwaɗa min abin da sunka ce, ni da kaina zan biya. In kin kasa, ki ɗebe ranki gare shi." Su Nasiru suka fashe da dariya, don a ganinsu magana ta ƙare ke nan.

Alhamis ba Islamiyya. Ina dawowa daga firamare na yi sauri na gama surfe, na ɗebo ruwa na cika randunan Inna, na share turken awaki, sannan na roƙi Baffa ya nuna mini maɓallin da ke maido da hoto baya. Kallo na farko ban tsinci komai ba sai hayaniya. A na biyu na rufe ido, sai na ji yarinyar ta ce "ma'un", ga shi tana nuna tulu wayam. Ruwa ke nan. Na ji "nahar" tana nuna gulbi, na ji "abi" tana rungume da babanta. Ai waɗannan kalmomi na san su, suna cikin haddata, na sha rera su ban taɓa tunanin mutum na iya faɗinsu yana kuka ko yana gudu ba. A wurina Larabci abu ne da ake karantawa a tsorace gaban bulala. Ranar na fara jin sa a bakin yarinya kamata da ke jin ƙishirwa. Na yi ta maidowa har Baffa ya ce zan kashe masa kan bidiyo.

Juma'a kuwa wuta ta ɗauke tun safe ba ta dawo ba. Na zauna ina kallon ƙwan lantarki kamar mai jiran baƙo. Bayan an sauko masallaci mahaifina ya ce in hau bayan kekensa mu tafi fadama wajen Zauro, tsuntsayen janbaki sun sauka wa shinkafa, masu kora sun yi kaɗan. Na tafi ina haɗiye hawaye, ina ganin rana guda ta salwanta. Aka tsayar da ni kan wani tudu, aka ba ni igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye. Tsuntsaye suka taso baƙi kamar hadari. Na ja igiya, na buɗe baki zan yi ihun da aka saba, sai na ji maganar tsohon matuƙin nan ce ke fitowa. Na yi ta zuba wa janbaki Larabci da iyakar muryata, in yi muryar tsoho, in amsa da muryar yarinya, har da kukan zalɓen. Ashe duk ya zauna a kaina. Wani manomi da ke maƙwabtaka da mu ya ɗago daga cikin ruwa ya ce wa mahaifina, "Ɗiyag ga taka wa'azi ta ka yi ma tsuntsaye?" Ina maimaitawa ina lura da inda magana ke canzawa in tsoho ya juya ga yarinya, da inda take canzawa in ya juya ga tsuntsu. Kafin rana ta yi ja, wani ƙulli da ya shekara biyu a kaina ya fara sassautawa.

Ran Asabar da hantsi, Allah ya taimake ni aka kawo wuta. Malam ya sallami ɗalibansa, ya shigo ɗakin Baffa da sandarsa, ya sa aka ajiye masa kujera ta ba talabijin baya, fuskarsa na kallon ƙofa. Matan gida suka taru a bakin taga. Baffa na riƙe da maɓalli, in an yi magana ya tsayar, ni kuma in fassara. Na yi kuskure sau biyu, na ce dutse inda ake nufin tsibiri, Malam ya gyara ba tare da ya ɗago ba. Muka ci gaba. Aka zo inda guguwa ta taso, tsohon ya dafa kan yarinyar ya ce "la takhafi". Na ce, kada ki ji tsoro. Malam ya ɗaga sanda, Baffa ya tsayar. "A cikin Littafi 'la takhaf' munka sani," in ji shi. "Wanga tsoho ina ya samo wasalin ƙarshe?" Na ce, don mace yake gaya wa, da namiji ne da bai ƙara ba, kuma ɗazu da ya yi wa zalɓen magana bai ƙara ba. Malam ya ce a maido baya, ya sake saurare, ya gyaɗa kai. "Kai, wanga tsoho ya san nahawu. Amarya ma ta sani."

Inna ta rangaɗa guɗa daga bakin taga, ta manta surukinta ne zaune. Aka ci gaba har kwazazzabo, kwalekwale ya fashe, yarinya ta ƙwala ihu, sai ɗif, kaset ya ƙare. Malam ya jira, bai ji komai ba. Muna kallo ya kama hannun kujera ya juya ta gaba ɗaya, ya fuskanci talabijin da ba komai cikinta sai yayyafi, ya ce, "To, daga nan mi yaf faru?" Gidan ya ɗauki dariya, har mahaifina da ke tsaye bakin ƙofa ya riƙe ciki. Malam bai ko kula ba. Ya ce gobe da shi za a tafi.

Wannan ce tafiyata ta farko zuwa Argungu. Na zauna kan cinyar Baffa a cikin bas, muka wuce Ambursa, fadama kore shar hagu da dama, Malam a gaba yana jan carbi. Garin na ƙamshin bandar kifi. Alhajin ya tarbe mu da fura, ya jawo kwalin daga ƙarƙashin gado. Baffa ya riƙa ɗaga kaset ɗaya ɗaya yana duba su a hasken rana, sai ya tarar na tara ya yi fari fat da fumfuna, zaren ya manne, ba ya ko juyawa. Ya ce to ai shi ke nan, labari mai rami a tsakiya ba abin saye ba ne. Malam ya karɓi kaset ɗin ya jujjuya, ya ce, "Littattafai nawa gare ni da gara tac cinye ma tsakiya? Wane na yas? Abin da yab ɓace, mai hankali na gane shi ga abin da yar rage." Ya sa hannu a aljihu ya biya. Har yau ban san nawa ba ne. Ni na ɗauko kwalin a kaina tun daga gidan har tasha, na hana kowa taɓawa.

Daga nan Alhamis da Juma'a suka zama ranakunmu. A fito da talabijin inuwar ɗakin Inna, matan unguwa su zo da tsintar shinkafarsu da kitsonsu, ni kuma a tsaye gefe kamar tafinta a kotu. Da an yi magana sai ka ji baki goma sun ce, "Balki, mi tac ce?" Malam ba ya zama, amma kullum sai ya sami dalilin ratsawa ta tsakar gida ya daɗe yana neman butarsa. Da muka tsallake na tara, mako guda aka yi ana musu a bakin rijiya kan yadda zalɓen ya dawo da ɗaurin fiffike. A na ƙarshe yarinyar ta iske dutse ne ya gangaro ya toshe mashigar ruwa, ta haɗa kan ƙauyuka biyu da ba sa ga maciji suka ture shi. Da ruwan ya ɓalle ya nufi garinsu, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tashi tsaye tana kabbara. A ƙarshen zango na zo ta uku, Nasiru na bayana, sunan Ƙwaƙwalwar Kifi kuma ya bi ruwa.

Yau Larabci nake koyarwa a makarantar 'yan mata. In iyaye suka tambaye ni ko irin waɗannan tsofaffin katun sun cancanci a nema wa yara, nakan ce launinsu ya koɗe, tafiyarsu a hankali take, yaron yanzu zai yi ƙorafi a kashi na farko, amma a daure a kai shi na uku a ga ko zai yarda a kashe. Namu kaset ɗin damina ta daɗe da gamawa da su, Malam ma ya riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yana suna da ɗaruruwan irinsu a waya, tar da su, ba layi ba fumfuna, kowa na kwance a kusurwarsa da abin ji toshe a kunne. Wani lokaci nakan tsaya bakin ƙofa in ga huɗu a ɗaki guda, kowanne na dariyarsa shi kaɗai. Abin kallo ya yawaita, 'yan kallon ne suka watse.