Ramin Ozella, Ɗakin Royce

Duk ranar da na ji wani ya ce Royce Ledbetter ne ya gano babban ɗakin kogon da ke ƙarƙashin gonar Burks, sai abinci ya fita raina. Da ni aka yi komai, da gwiwoyina na shiga ramin nan, kuma ba zan mutu da maganar a cikina ba.

Ozella Tidwell matar yayana ce, marigayi Elbert. 'Yar mitsitsiyar mace, ko kafaɗata ba ta kai ba, ga baki. Aikinta girki a makarantar firamaren garinmu, nan cikin tsaunukan jihar Tennessee ta Amurka, kuma rabin mutanen gundumar nan da wakenta da burodin masararta suka girma. Litinin zuwa Juma'a tana gaban tukwane. Ranar Asabar kuwa sai ta ɗaura hular kwano mai fitila ta shige ƙasa. Elbert ne ya fara kai ta kogo tun yana nemanta da aure, wai don ta tsorata ta riƙe masa hannu. Shi ya fito yana haki, ita tana tambayarsa yaushe za a koma.

Ita ta koya mini bin kogo, da tsiya da zagi. "Hoyt, waiwaya mana, kai ba ka da wuya ne? Dutsen da ka wuce yanzu, in za ka fita ba haka zai yi maka kama ba. Dube shi ta baya ka riƙe shi." Ita kuma ta koya wa Royce, lokacin da ya zo ƙungiyarmu ta masu shiga kogo yana saurayi, da sabon takalmi da surutu. Ta ara masa fitila, ta nuna masa yadda ake karkatar da kai a matsatsi, ta ciyar da shi a teburinta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Inna yake ce mata.

Mu masu shiga kogo ba mu da dokoki da yawa, amma akwai guda ɗaya da ko mahaukacinmu ya sani. Wanda ya haƙa rami, shi ke fara shiga abin da ke bayansa, shi kuma ke raɗa masa suna. Ba a biyan kowa a harkar nan, ba a ba da lambar yabo. Ladan duka shi ne wannan: ka ɗaga fitilarka a wurin da haske bai taɓa sauka ba tun da Allah ya yi duniya, ka san idonka ne na farko. Sau ɗaya ake samun haka a kowane wuri. Wanda ya lallaɓa ya riga mai haƙa shiga, mukan ce ya yi kwasar ganima, kuma a wurinmu gara a ce ka saci saniya.

Kogon Burks tsohon kogo ne, kowa ya san ƙarshensa. Ka gangara ta ramin da ke bayan rumbun tsoho Burks, ka bi rafi ruwa iya ƙwauri, ka hau tarin duwatsun da suka rufto kana bin bangon hagu, ka matse ta tsagar da muke kira Bakin Kwalba, sannan ka ja ciki har inda rufi ya sauko ya haɗu da laka. Nan kowa ke juyawa. A shekarar da Elbert ya rasu, Ozella ta kwanta a wurin nan tana hutawa, sai ta ji sanyi na bugun kuncinta. Ta kira ni.

"Hoyt, kawo fuskarka nan. Me ka ji?"

"Laka na ji."

"Wawa. Iska ce. Laka ba ta numfashi, akwai wuri a baya."

Daga ranar ta fara haƙa. Wanda bai yi ba ba zai gane ba. A kwance kake rub da ciki, rufi na goga maka ƙeya, hannu ɗaya a gaba da ɗan shebur. Ka kankaro laka ka tura cikin jarkar da aka yanke, na baya ya ja da igiya ya zubar, ya turo maka. Wuni guda in an yi sa'a a ci kamu ɗaya. Wani lokaci ruwan hunturu, don a nan ko da sanyi ana ruwa, ya zo ya mayar da aikin wata uku baya. Ta yi kusan shekara goma a haka. Ni ne mai jan jarka mafi yawan lokaci, Royce da abokinsa Dwight sukan zo in sun ga dama. A gari har tsokanarta ake yi. Mai shagon kayan gini yakan ce, "Ozella, kabarin naki bai isa ba har yanzu?" Ita kuma ta ce, "Naka nake haƙawa, shi ya sa ya ɗau lokaci, ka ga cikinka."

Ana cikin haka iskar ta fara ƙarfi har tana kaɗa mata gashi, aka soma jin ƙarar ruwa ta bayan wani dutse. Kowa ya san an kusa. Sai gwiwarta ta dama ta ce ba ta san zance ba. Likita ya ce aiki za a yi, kuma ba ita ba rarrafe sai bazara. Kafin a kai ta asibiti ta tara mu a kicin ɗinta, ta zuba mana kofi, ta nuna mu da cokali ɗaya bayan ɗaya.

"Kada wanda ya taɓa mini rami."

"Haba Inna," in ji Royce, har da dafa ƙirji. "Wa zai yi miki haka?"

Da bakinsa ya faɗa, a gabana, yana cin wainar da ta toya.

Bazara ta yi, ta ajiye sanda. Royce ne ma ya fi kowa azarɓaɓi, kullum yana waya yana tambaya ko ƙafa ta yi ƙwari. Ni da wautata na ɗauka ƙauna ce. Muka shiga mu huɗu wata Asabar da safe, Ozella a gaba, ni a bayanta, sai Royce, sai Dwight. Ta sha wuya a Bakin Kwalba, ina jin tana cije baki, amma ta wuce. Da muka isa ƙarshen rami ta yi 'yar haƙa kaɗan, ta sa ƙarfe ta banƙare dutsen. Ya mirgina, muka ji ya faɗa ruwa. Iska ta bugo mu gaba ɗaya.

Ta zura kai, ta zura kafaɗa, ƙafafunta suka ɓace. Can sai na ji muryarta, ba irin wadda na sani ba.

"Hoyt! A tsaye nake! Hoyt, zo ka gani, a tsaye nake!"

Na same ta tsaye cikin wani rafi, fitilarta na yawo a bango, hawaye na yanka lakar da ke fuskarta. Tun jana'izar Elbert ban ga hawayenta ba. Ta ce, "Da yayanka na nan, da ya ce in yi a hankali." Ta yi dariya, ta share hanci da hannun riga, muka bi ruwa. Hanya siririya ce, mutum ɗaya take ci, bango fari fat, ƙasa tsakuwa ce wankakkiya, babu sawun komai. Tana tafe tana tsayawa tana waiwaye, tana magana da duwatsu kamar ta ga 'yan'uwa.

Muka iso inda hanya ta rabu biyu. Ta tsaya, ta cire safar hannu, ta jiƙa yatsa ta ɗaga, ta karkata kunci nan, ta karkata can. Ba ta gaggawa a irin wurin nan, don zaɓen shi ne daɗin abin. Ta juya dama, ta ɗaga ƙafa ke nan, sai murya ta fito daga bayana.

"Inna, hagu za mu bi. Ta daman nan ruwa ya toshe ta can gaba."

 

Ta sauke ƙafar a hankali. Ba ta juyo ba. "Royce, ɗan nan, wa ya gaya maka?"

"A'a, ai... ai da gani, Inna. Yadda rufin ya yi."

"Da gani. Ni da ke gaba ban gani ba, kai da ke kallon ƙeyar Hoyt ka gani."

Dwight ne ya fasa ƙwan, don shi ba ya iya riƙe ko tari. Wai tun cikin hunturu, tana kwance da ɗinki a gwiwa, suka zo su kwashe lakar da ruwa ya tara, don su rage mata aiki. Wai dutsen da kansa ya motsa. Wai leƙawa kawai za su yi. Leƙen ya kai su har wani ɗaki da fitila ba ta kai rufinsa, suka wuni a ciki. Da suka fito suka mayar da dutsen, suka liƙe shi da laka, suka shafe da tafin hannu, ambaliyar ƙarshen hunturu kuma ta wanke musu sawu. Sannan suka zauna suna jiran bazara, su kawo tsohuwa ta yi murna suna kallo.

Wannan na ƙarshen ne ya fi ci mini rai, har yau. Shigar ma da sauƙi, zuciya ce, ta ja su. Amma su tsaya a bayanta suna kallon tana kuka, tana ambaton mijinta, alhali sun san wasa suka shirya mata kamar yarinyar goye! Wallahi da hanyar na da faɗin da zan ɗaga hannu, da Royce ya fita da haƙoransa a aljihu.

"Inna, don ke muka yi," in ji shi. "Da ban yi suɓutar baki ba, ai da kin ji daɗinki. Mu je ki gani, nan kusa ne, wallahi ba ki taɓa ganin irinsa ba."

Ozella ta kai hannu ta kashe fitilarta.  Sannan ta ce, "Hoyt, haska mini ƙasa. Gida za ni."

Haka muka fito, tana bin hasken fitilata, ba ta ƙara ɗaga kai ta dubi bango ba.

A taron ƙungiya na watan, Royce ya miƙe da muryar tuba, ya ce shi da Dwight sun yanke shawara a sa wa ɗakin sunan Ozella. Wasu har sun fara tafi. Ta ɗaga hannu.

"Wa ya fara shiga?"

Royce ya dubi Dwight.

"Na ce wa ya fara shiga, kai ko Dwight?"

"Ni ne, Inna."

"To sunanka za a sa. Haka ake yi tun kafin a haife ka. Ni ba na karɓar abin da ba nawa ba."

Ya roƙa, ya ce a sa kowane suna ban da nasa. Ta ƙi. Tsofaffin ƙungiya suka gane inda ta dosa, suka goya mata baya, aka rubuta Ɗakin Royce a taswira. Shekarun farko abin ya yi aiki. Duk inda masu kogo suka taru, daga nan har jihar Alabama, in aka buɗe taswirar sai wani ya ce, "Wannan ne ɗakin ɗan kwasar ganimar nan?" Royce ya daina zuwa taro, daga baya ma ya bar gundumar. Na ji sanyi a raina lokacin, ba zan ɓoye ba.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne tsofaffi mutuwa suke yi, taswira kuwa tana nan. Waɗanda suka san labarin sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Yanzu matasa ke zuwa daga birane da kaya masu sheƙi, su bi ramin da aka kankare da ɗan shebur, su wuce shi cikin 'yan mintuna suna ƙorafin laka, su fito suna tambayata ko na san Royce, wane irin gwarzo ne. Har wani ya taɓa ce mini ya kamata a kafa masa allo a bakin kogo. Na gaya masa abin da na gaya masa, matarsa ta toshe wa yaransu kunne.

Ozella ba ta sake samun wani ramin ba. Gwiwar hagu ta bi ta dama, daga nan sai kujera a baranda. Gidanta na kan hanyar gonar Burks, don haka duk mai zuwa kogon ta gabanta yake wucewa, takan kuma ɗaga musu hannu.

Bara ina zaune wurinta da yamma, wata budurwa ta tsayar da mota ta roƙi ruwan wanke hannu. Laka har gira, sai murna take yi, yarinya mai hankali. Ta hango tsohuwar hular kwano rataye a ƙusa.

"Kaka, ke ma kin taɓa shiga kogo?"

"Na ɗan taɓa."

"Kai! To kin san Ɗakin Royce? Daga can muke. Kaka, ban taɓa ganin abu irin wannan ba, tsaya ki gani." Ta ciro waya tana lalubo hotuna, ta miƙo mata har gaban fuska.

Na buɗe baki, Ozella ta dafa mini gwiwa. Ta kawar da kai gefe, ta sa tafin hannu ta rufe fuskar wayar.

"Mayar da ita aljihu, 'yar nan," in ji ta. "Ban shiga ba tukuna."